Neman kalma: me za mu kira "shafnin" na hoto da Hausa?

Mai gyaran hoto, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Yaran da ke koyon aiki a shagunan hoto na Adum da Kejetia a nan Kumasi duk "shafnin" suke cewa, wato sharpening na Turanci, ko "a sa masa shaf". Kalmar tana yaudarar kunnen Bahaushe, domin ta yi kama da shafa da shafewa, har sabon yaro ya ɗauka lailaye fuska ake nufi, alhali kishiyar haka ne. Kafin kowa ya kawo tasa, ga abin da manhaja take yi: ba ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Bakin kowane abu take bi, inda duhu ya haɗu da haske, ta ƙara wa gefen duhu duhu, ta ƙara wa gefen haske haske, a siririn layi na fiksel ɗaya ko biyu, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto. Ido ya gani ya ce hoto ya fito raɗau. To, kalmar da za mu ɗauka ta zama mai nuna cewa aikin baki ne.

Malamin Hausa, Asawase:
Wa alaikumus salam. Uku ke gabanmu: feƙewa, washi, kaifafawa. Feƙewa ta fensir ce da tsinke, tsini take fitarwa, a ajiye ta. Washi ya dace da baki, sai dai a rubuce "wasa hoto" zai zama abin dariya, tunda ba ma sa alamar karin sauti, mai karatu zai ga wasan yara. Saura kaifi. A ce kaifin hoto, a kaifafa shi, ko a ƙara masa kaifi. Kishiyarsa ma a shirye take: hoto ya dakushe.

Hajiya mai situdiyo, Sawaba:
Malam, ban ƙi kaifi ba, amma kwalli ya fi kama da abin da mai gyaran hoto ya bayyana. Kwalli ba ya ƙara wa ido gani, bakinsa kawai yake zagayewa da baƙi sai farin ya fito. Kuma duk wadda ta taɓa rambaɗa shi fiye da kima ta san yadda fuska ke komawa. Da an ce wa yarinya "sa wa hoton kwalli" ta san kaɗan ake so, kuma ba ko'ina ba.

Mai gyaran hoto, Aboabo:
Hajiya, misalin ya zauna, amma me za a ce idan hoton mota ne ko na gini? Kuma a gyaran hoton amarya akwai sa kwalli na gaske, inda ake baƙanta gashin ido da buroshi. Za a rikice.

Injiniyan kwamfuta, Tafo:
Ina bayan kaifi. Sai dai aikin bai ƙare ba, don akwatin da aka fi amfani da shi a Photoshop, Anshaf Mask, maɓallai uku ne da shi kuma kowanne na son suna. Sunan akwatin kansa abin mamaki ne, ma'anarsa marufi mara kaifi. Ya samo asali daga ɗakin wanke fim: a yi kwafin hoton mai dishi-dishi, a cire shi daga na asali, abin da ya rage shi ne bakunan, sai a ƙara su a kan hoton. Lissafin da kwamfuta ke yi ke nan har yau.

Na farko, Amawunt, daga kashi 1 zuwa 500: yawan duhu da hasken da za a ƙara. Ƙarfi ke nan. Na biyu, Radiyos: nisan da aikin zai bazu daga bakin, da fiksel ake auna shi. Faɗi. Ya fi ƙarfin saurin ɓata hoto. Na uku, Tireshol, daga 0 zuwa 255: bambancin da dole ya kasance tsakanin fiksel da maƙwabcinsa kafin a taɓa shi. A 0 komai ake kaifafawa, har hatsi-hatsin sararin sama da ramukan fata. Wannan ban samo masa suna ba, kada dai wani ya ce dokin ƙofa don ita ce fassarar kalmar kai tsaye.

Malamin Hausa, Asawase:
Nisabi. Dukiyar da ba ta kai nisabi ba babu zakka a kanta, bambancin da bai kai nisabi ba babu kaifi a kansa. Duk ɗan makarantar allo zai gane nan take.

Hajiya mai situdiyo, Sawaba:
Ya yi daɗi a kunne, Malam, amma kalmar fiƙihu ce. Wasu za su ji nauyin sa ta a maɓallin kwamfuta. Haddi fa?

Mai buga bana, Adum:
Ku daidaita wannan, ni ga lambobi a sababbin sunayen, mu ji ko suna shiga baki. Hoton da za a tura a waya, faɗinsa fiksel 1080: ƙarfi 60 zuwa 100, faɗi 0.3 zuwa 0.5, haddi 2 ko 3. Hoton da za a buga a takarda, fiksel 300 a kowane inci, wato 1200 da 1800 ga kati mai inci 4 da 6: ƙarfi 150 zuwa 200, faɗi 1 zuwa 2, haddi 3 zuwa 10 idan akwai fuska. A allo zai yi kamar ya ɗan zarce, kada a ji tsoro, tawada tana bazuwa a takarda ta cinye wani abu daga kaifin. Bana, wato babban ƙyalle mai hoto, ta suna ko ta aure da za a rataya a kalla daga nesa tana ɗaukar faɗi fiye da haka.

Jeri ma yana da muhimmanci. A fara rage hatsi-hatsi, a gyara launi da haske, a mayar da hoton girman da za a fitar da shi, sannan a kaifafa daga ƙarshe. Wanda ya kaifafa kafin ya rage hatsin, hatsin ya kaifafa. Wanda ya kaifafa sannan ya ƙanƙantar da hoton, ya zubar da aikinsa. Kuma a duba a girman kashi 100, Ctrl da 1, don a ƙaramin girma allo ba ya nuna gaskiya.

Injiniyan kwamfuta, Tafo:
Ƙari kaɗan. A Photoshop a yi aikin a kwafin shimfiɗar hoton, wato leya, Ctrl da J, a mayar da yanayin haɗinta Luminositi, don kada bakunan su yi ja-ja ko kore-kore. A manhajar Lightroom maɓalli na ƙarshe, Maskin, shi ne abokin mai hoton fuska: a danne Alt ana jansa, allo zai koma baƙi da fari, farin ne kaɗai zai samu kaifi. A ja har kumatu da goshi su yi baƙi, a bar ido, gira, leɓe da bakin ɗankwali. Fatarmu in ta yi gumi tana ƙyalli, kaifi kuma yana mayar da ƙyallin nan fararen ɗigogi, fuska ta yi kamar an watsa mata gishiri.

Hajiya mai situdiyo, Sawaba:
To ga inda kwallina zai zauna: kaifin da aka keɓe wa ido da gira kaɗai. A bar mini wannan. A kula da tufa kuma. Kente da leshi da batakari mai ƙananan ratsi, in aka matsa musu ƙarfi, zaren yakan yi wani rawa-rawa mai launi a allo. A rage ƙarfin zuwa rabi a wurin, ko a goge shi daga shimfiɗar. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau biyu ko uku kuwa an riga an matse shi, JPEG yana yanka hoto murabba'i-murabba'i na fiksel 8 da 8, kaifi zai fito da layukan yankan ne kawai. A nemi na asali, a turo shi a matsayin fayil.

Mai gyaran hoto, Aboabo:
Saura farin layin nan da ke zagaye hula ko kan mutum idan faɗi ya yi yawa, musamman a jikin sararin sama.

Malamin Hausa, Asawase:
Irin da'irar da ke kewaye wata, wadda tsofaffi ke cewa wata ya yi sansani. Amma ga ɗan koyo farin zobe ya fi sauƙi. Hoto ya yi zobe, a rage faɗi. Garin neman gira ke nan.

Mai buga bana, Adum:
Abu ɗaya nake so sunan ya riƙe: dakushewa daban, dishi-dishi daban. Dakushewa ɗan laushin nan ne da kusan kowace kyamara ke bari, saboda yadda take haɗa ja da kore da shuɗi daga idonta, shi kaifi ke gyarawa. Dishi-dishi kuwa saiti ne ya kauce, ko hannu ya girgiza a gudun ƙyaftawar kyamara 1/15 na daƙiƙa cikin ɗakin biki mai duhu. Ko an kai ƙarfi 500 ba zai dawo ba, zobe kawai za a samu a kan hazo.

Mai gyaran hoto, Aboabo:
An tsaya a kan kaifi da kaifafawa, ƙarfi, faɗi, farin zobe, kwalli ga na ido. Tsakanin nisabi da haddi, haddi zan rubuta a takardar da za a manna wa yara a shago, Malam ya yi haƙuri. Wanda ke amfani da manhajar GIMP ya lura, faɗin da yake buɗewa da shi 3.0 ne, ya yi yawa ga hoton waya, a sauke shi ƙasa da 1 kafin a taɓa ƙarfi.