Gwajin jini kafin kaciya, don Allah a ba ni shawara

Maman Sudais: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 6, kakarsa ta sa ranar kaciya da sanyin nan. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana da hemofiliya, ciwon nan da jini ba ya saurin tsayawa, ko haƙori aka cire masa sai an kwantar da shi. Yaron kuma gwiwarsa ta taɓa kumbura ba tare da ya faɗi ba. Wane gwaji zan nema, kuma nawa ne a Kano?

Abu Hanan: A yi masa jinotayif. In AA ne shi ke nan.

Sista Rabi: Malam, wannan na sikila ne. Abin da take buƙata gwajin daskarewar jini, PT da APTT. In APTT ya nuna jinin na daɗewa bai daskare ba, sai a auna Factor 8 da Factor 9, sinadaran da ke sa jini ya daskare. Ta wajen uwa ciwon ke bi ya kama 'ya'ya maza, don haka zancen ƙanen nan ba ƙarami ba ne. Ki nemi sashen likitocin jini a asibitin Malam Aminu Kano.

Uwar Marayu: 'Yar'uwa, kada ki yarda. Nawa ɗan wanzami ya yi masa da safe, har magariba jini bai tsaya ba. Aka sa toka, aka sa garin magani, aka ɗaure. Da muka isa asibiti babu allurar Factor, jini leda biyu aka ƙara masa. Kwana uku ya yi. Har yau ba na iya bin layin wanzamin nan.

Abu Hanan: Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne.

Baban Ikram: Ni dubu 8 na biya kuɗin gwajin a bara.

Hajjo: Dubu 8? Dubu 45 aka ce mini, kuma sai an tura jinin Legas.

Sista Rabi: Gwaji biyu daban kuke faɗa. Kafin nan dai kada a ba shi asfirin.

Baban Ikram: Ke nas ce, ba likita ba. Wanzaminmu shekara 30 yana yi, ba a taɓa samun matsala ba.

Ɗan Fagge: Yaron dai ya ji ana maganar ɗagewa, yau zai yi barci da daɗi.

Uwar Marayu: Abin da ya fi ƙona mini rai, dangin mijina cewa suka yi ni na kawo musu mugun jini. Ko zaman makoki ba a gama ba.

Hajjo: Haka suke. Ni 'yata ce jinin al'adarta ke wuce kwana 10, surukata ta ce shagwaɓa ce, ta hana a kai ta.

Maman Sudais: To ni ta yaya zan tunkari Hajiya da maganar ɗage ranar? An riga an sayi kajin.