Neman Sunan Hausa Ga Fina-finan da Yaro Ke Fita Daga Ƙuruciya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sharhin fina-finai da masu aikin fassara. Akwai wani rukunin fina-finai da Turawa ke kira coming-of-age, wanda har yanzu ba mu tsayar masa da suna guda a Hausa ba. Wani ya rubuta "fim ɗin matasa", wani ya rubuta "fim ɗin balaga", wani kuma ya bar Turancin yadda yake ya wuce. Ina so mu tsaya a kan magana ɗaya, kuma tun da yake suna kamar riga yake, sai an gwada a jikin mai ita ake sanin ko ta zauna, zan ɗauki fim guda in riƙa auna kowace shawara da shi.

Fim ɗin shi ne Raising Victor Vargas, wanda Peter Sollett ya ba da umarninsa, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2002. Ba wani babban kamfanin Hollywood ya ɗauki nauyinsa ba, shi ya sa ake ce masa fim mai zaman kansa, kuma wannan fassarar ta riga ta zauna, ba ta buƙatar gardama. Labarin yana faruwa ne a unguwar Lower East Side ta birnin Niyok, a cikin dangin da asalinsu daga Jamhuriyar Dominika yake. Victor saurayi ne da ke tashen balaga, yana zaune a ƙuntataccen gida tare da kakarsa da ƙanensa Nino da ƙanwarsa Vicki, kuma yana ganin kansa a matsayin gwanin 'yan matan unguwa. Da aka gano yana zuwa wurin wata yarinya da samarin unguwar ke yi wa ba'a, sai ya ga mutuncinsa ya zube, ya ƙudura cewa ba abin da zai wanke shi sai ya samu Judy, wadda kowa ke cewa ta fi kowa kyau. Ya tare ta a wurin ninƙaya na jama'a. Ita kuwa ta yarda a kira shi saurayinta ne kawai don ya zame mata garkuwa daga samarin da suka hana ta sakat a titi.

To, mu fara da "fim ɗin balaga", tun da shi ya fi yawo. Ina ƙin sa saboda dalilai biyu. Balaga a wurinmu magana ce ta jiki da ta fiƙihu, wato lokacin da alamomi suka bayyana, salla da azumi suka hau kan mutum. Victor ya riga ya balaga tun kafin fim ɗin ya fara, amma hankalinsa na yaro ne, kuma abin da muke kallo shi ne yadda zai cike wannan giɓin. Dalili na biyu ya fi nauyi: duk Bahaushen da ya ji "fim ɗin balaga" zuciyarsa za ta tafi wajen batsa, uba zai hana a kunna shi a gidansa tun bai san abin da ke ciki ba, alhali fim ɗin da muke magana a kai ya fi karkata ga kaka da jikokinta fiye da komai.

"Fim ɗin matasa" kuwa ya yi faɗi da yawa, domin ya faɗi waɗanda ke ciki ne, bai faɗi abin da ya same su ba. Haka "fim ɗin samartaka", wanda ƙari a kan wannan ya bar 'yan mata a waje.

Wata 'yar'uwa ta kawo "kai munzali", kuma na ɗauki shawarar da muhimmanci saboda ita ce ta fi kusa da lafazin Turancin, wanda shi ma asalinsa maganar cika shekaru ce. Sai dai a bakinmu munzali kusan kullum na aure ne. Kuma akwai wani fim da ya nuna mini cewa shekaru ba su ne gundarin maganar ba. Mutanen Latin Amurka suna da bikin da suke yi wa yarinya idan ta cika shekara 15, ana kiransa quinceañera, ana zuwa coci, ta sa doguwar riga, ta yi rawa da mahaifinta, a shaida cewa ta zama budurwa. A 2006 Richard Glatzer da Wash Westmoreland sun yi fim da wannan suna a unguwar Echo Park ta Los Angeles, ya kuma ci kyautar alƙalai da ta 'yan kallo duka biyu a bikin fina-finai na Sundance a Amurka. Yarinyar fim ɗin, Magdalena, tana shirin bikinta sai aka gane tana da ciki, ta bar gidan mahaifinta mai wa'azi, ta koma hannun wani dattijon danginsu mai suna Tomas. Girman da ta yi a ɗakin wannan tsoho ta yi shi, kafin a yi maganar riga da rawa. Idan muka ce "fim ɗin kai munzali" mun ba biki suna, mun bar abin da ya faru a zuciyarta.

Abin da nake nema shi ne kalmar da za ta kama canjin tunani. Ku dubi kakar Victor, wadda Altagracia Guzman ta fito a matsayinta, dattijuwar da ba sana'arta ba ce fim. Tsohuwa ce mai riƙo da addininta na Katolika, ta taso a ƙauye, tana kallon Victor a matsayin wanda zai lalata mata ƙannensa. Ta sa wa wayar tarho ta gidan kwaɗo. Da abin ya ishe ta, ta tasa jikokin a gaba zuwa ofishin kula da iyali na gwamnati da niyyar ta miƙa Victor ta huta, aka shaida mata cewa doka ba ta yarda ta jefar da yaro a titi ba. Daga nan ne fuskar Victor ta fara canzawa, domin ya gane cewa cika bakin da yake yi a waje ba zai ba shi wurin kwana ba, kuma wannan tsohuwa mai faɗa tsoro ne ya cika ta. Da ya gayyaci Judy cin abinci a gidansu, ya bar ta ta ga ƙuncin ɗakin da tsiyar kakarsa da duk abin da a da zai ɓoye, a lokacin ne ya yi abu na farko irin na manya. Galibin 'yan wasan ba ƙwararru ba ne, Victor Rasuk da Judy Marte ma da sunayensu na gaskiya suka fito, kuma wanda ya fito a matsayin Nino, ƙanen Victor Rasuk ne na jini, shi ya sa kunyar da ke fuskokinsu take da gaskiya a ido.

Hausa tana da maganganu biyu da suka dace da wannan hali. Muna cewa wane ya san ciwon kansa, muna kuma cewa wane ya mallaki hankalin kansa. Ta farko tana da daɗi a baki, kuma wani malami ya dage a kanta, amma da zarar an cire wakilin suna aka ce "fim ɗin sanin ciwon kai" sai mai karatu ya ɗauka maganar asibiti ce. Bayan haka, sanin ciwon kai ya fi karkata ga neman na kai da kare mutunci, kamar saurayin da ya kama sana'a ya daina roƙo, kuma Victor bai kama sana'ar komai ba har fim ɗin ya ƙare.

Saboda haka shawarata ita ce "fim ɗin mallakar hankali". Maganar ta shafi mace da namiji, ba ta da iyakar shekaru, kuma tana nuna aiki ne da ake yi a hankali, wanda wani kan yi da wuri, wani kuma sai duniya ta koya masa. Na san za a ce mallaka tana iya tuna wa mutum asirin mallakar miji, ko a fahimci cewa fim ɗin ne ke mallake hankalin mai kallo. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma maganinsa shi ne a farkon rubutu a kawo cikakkiyar siga, "fim ɗin mallakar hankalin kai", daga baya a taƙaita.

Jam'insa "fina-finan mallakar hankali", idan littafi ne a ce "labarin mallakar hankali". Da shi za mu iya rubuta cewa Real Women Have Curves na Patricia Cardoso, shi ma na 2002, fim ne na mallakar hankali a kan Ana, 'yar dangin Meziko a gabashin Los Angeles, wadda mahaifiyarta ke son ta zauna a shagon ɗinkin yayarta ita kuma tana son jami'a. Jimlar ta tafi ba tare da tuntuɓe ba. Ina roƙon 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato su faɗa mana ko a karin harshensu maganar tana ɗaukar wata ma'ana dabam, kafin mu fara amfani da ita a rubuce-rubucenmu.