Shin tsarin gini yana shafar lafiyar mazauna da gaske?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Sau da yawa ina jin ana cewa yadda aka tsara gida ko unguwa yana iya jawo cuta ko ya kawo sauƙi, alhali a ganina magani da tsafta su ne ginshiƙin lafiya. Shin akwai hujja tabbatacciya a kan wannan magana, ko kuwa ƙawa ce kawai masu zanen gini suke tallatawa?

Dakta Bashir: Wa'alaikumus salam, Malama. Hujja tana nan, kuma mafi ƙarfinta ita ce ta iska. Ƙwayar cutar tarin fuka tana iya daɗewa tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa, saboda haka idan mutane da yawa suna kwana a ciki, mai cutar guda ɗaya ya isa ya yaɗa ta ga sauran. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya rage cunkoso cikin manyan shawarwarinta kan gidaje a 2018. Haka kuma hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin girki ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Taga biyu masu fuskantar juna da mafitar hayaƙi a madafa ba ado ba ne ko kaɗan.

Injiniya Sa'adatu: Ina goyon bayan Dakta, sai dai taga ba iska kaɗai take kawowa ba. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa binciken da ya yi a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda ya gano cewa marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar matsarmama, waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa, sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma ba su buƙaci maganin ciwo mai ƙarfi sosai ba.

Malam Nuhu: Injiniya, a nawa ra'ayin titi ya fi ɗaki muhimmanci, domin mai haya ba shi da ikon sauya taga, amma hukumomin tsara birane suna da ikon gyara hanya. Ana so baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, to ta yaya dattijo zai yi hakan a unguwar da babu gefen hanya na masu tafiya da ƙafa, babu inuwa, kuma ƙarar motoci tana hana shi barci da dare?