Me kuka kalla kwanan nan da ya cancanci a faɗa wa wani?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Yara suna hutu, ina son fim ɗin da za mu zauna mu kalla gaba ɗaya, ba wanda zan riƙe rimot a hannu ina jiran wurin tsallakewa ba. Na ƙarshe da muka gani shi ne 12th Fail, na Indiya ɗin nan na 2023, inda Vikrant Massey ya fito a Manoj Kumar Sharma, yaron da ya faɗi jarrabawar gama sakandare a shekarar da aka hana satar amsa, daga baya ya zama babban jami'in 'yan sanda. Babban ɗana ko tari bai yi ba har aka gama, musamman inda Manoj yake aikin injin niƙa, yana karatu a ɗakin nan mai ƙurar gari. Irin wannan nake so. Ko na wace ƙasa ne, in dai akwai fassara a ƙasa.

Yaya Kabiru: Wa alaikumussalam. Maman Hanifa, nemi Children of Heaven. Na Iran ne, Majid Majidi ya yi shi a 1997, ko awa ɗaya da rabi bai cika ba. Wani yaro Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, a hanyar dawowa ya ɓace. Sun san babansu ba shi da kuɗin saya mata wani, sai suka rufe maganar tsakaninsu. Ita ta sa takalmin Ali ta tafi makaranta da safe, ta sheƙo da gudu ta cire masa a lungu, shi kuma ya zura ya ruga ajin rana. Akwai inda suke zaune suna aikin gida, iyayen na hira a gefensu, su kuma suna miƙa wa juna littafi suna rubuta rigimar takalmin don kada a ji. Babu bos, babu bindiga, amma za ki ga yaranki sun miƙe tsaye lokacin gasar tsere, domin Ali na uku yake so ya zo, ba na ɗaya ba. Kyautar na uku ce ke da takalmi a ciki.

Maman Hanifa: Kai, tun daga bayanin ma ya shiga raina. Na rubuta.

Anti Binta: Na goyi bayan Kabiru. Ki ƙara da The Boy Who Harnessed the Wind na 2019. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan Malawi da aka kora daga makaranta saboda kuɗin makaranta a lokacin yunwar da aka yi a ƙasar wajen 2001 zuwa 2002. Ya riƙa shiga ɗakin karatu yana duba littafin kimiyya, har ya haɗa injin da iska ke juyawa daga tarkacen bola da keken babansa. Chiwetel Ejiofor ne ya ba da umarni, shi ne kuma uban, har harshen Chichewa ya koya saboda fim ɗin. Abin da ya fi taɓa ni ba injin ba ne, rigimar keken ce. Uban ba mugu ba ne. Mutum ne da gonarsa ta bushe, keke kaɗai ya rage masa, sai ɗansa ya zo ya ce a ba shi a yanka. Waye zai yarda cikin sauƙi? Amma ki sani akwai wuraren yunwa masu nauyi, akwai mutuwar karen yaron. In ƙaramarki mai saurin kuka ce, ki zauna kusa da ita.

Sadiq: Anti, ku bar waɗannan masu sa hawaye. Maharaja! Na 2024, Vijay Sethupathi, fim ɗinsa na 50. Wanzami ne ya je ofishin 'yan sanda ya ce an sace masa kwandon shara na ƙarfe, har suna ya raɗa masa, Lakshmi. Suna ta yi masa dariya, shi kuma ya ƙanƙame ya ƙi tafiya. Wallahi ƙarshen fim ɗin sai da na riƙe kai.

Yaya Kabiru: Sadiq, ka karanta abin da ta nema kuwa? Maman Hanifa, kada ki kusanto da yara wannan. Akwai zubar da jini sosai, kuma a tsakiyar labarin akwai cin zarafin yarinya. Fim ne na manya zalla.

Sadiq: Haka ne Yaya, na manya ne. Amma ka faɗi gaskiya, tsarin labarin bai burge ka ba?

Yaya Kabiru: Ya burge ni. Daraktan ya jera abubuwan da suka faru a shekaru daban-daban kamar a mako guda suke, bai gaya maka ba, sai can ka farga. Wannan gwaninta ce. Inda na rabu da shi, dariyar da ake yi a ofishin 'yan sanda ta yi yawa a fim mai irin wannan ciwo. Ka gama dariya, minti kaɗan a nuna maka abin da zai hana ka barci. Ban ji daɗin haɗin ba.

Fa'iza: In wasa da hankali kuke so ba tare da jini ya yi yawa ba, ai har yau ban ga wanda ya kamo Drishyam ba. Mutumin da ya tsaya a aji huɗu na firamare, sana'arsa haɗa wa mutane tashoshin talabijin, duk iliminsa daga kallon fim ya samo shi, amma ya juya rundunar 'yan sanda guda don ya rufa wa iyalinsa asiri kan wani kisa. Yadda yake tara tikitin mota da rasit ɗin otal, yana sa mutane su riƙe ranar 2 ga Oktoba a kansu, shi ne daɗin fim ɗin.

Sadiq: Na Ajay Devgn ko na Mohanlal, Anti Fa'iza?

Fa'iza: Na Mohanlal ne asali, 2013, da harshen Malayalam, Jeethu Joseph ya rubuta ya ba da umarni. Na Ajay ya biyo baya a 2015. Ni na asalin na fi so, domin Mohanlal kana ganinsa ka ga magidanci mai tsoro a ciki, shi kuwa Ajay tun farko idonsa na jarumi ne, ka san ba za a kama shi ba. Sai dai Tabu a na Hindi ta fi ƙarfi. Uwa ce da ɗanta ya ɓace, kuma ita ce shugabar 'yan sanda, kana jin haushinta kana tausayinta.

Baba Malam: 'Yata Fa'iza, na kalli Drishyam, kuma ban musa gwanintarsa ba. Abin da ya tsaya min shi ne, fim ɗin ya sa mu duka muna addu'ar ƙarya ta yi nasara, har da koya wa ƙaramar yarinya abin da za ta faɗa. Na san dalilin uban, na kuma san yaron da aka kashe ba mutumin kirki ba ne. Duk da haka, in kuna son fim ɗin da ya ɗauki ƙarya da muhimmancin da ya kamace ta, ku nemi A Separation na Asghar Farhadi, 2011. Shi ya fara kawo wa Iran kyautar Oscar a 2012, bayan ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin.

Miji da mata ne a gaban alƙali. Matar, Simin, tana so su bar ƙasar da 'yarsu. Mijin, Nader, ya ce ba zai bar mahaifinsa mai ciwon mantuwa ba. Ta ce tsohon ko gane shi ba ya yi, shi kuma ya ce ai shi ya san mahaifinsa ne. Daga nan ta koma gidansu, ya ɗauko wata mata mai juna biyu, Razieh, ta riƙa kula da tsohon. Akwai inda tsohon ya ɓata jikinsa, babu kowa a gidan sai ita da 'yar ƙaramar 'yarta. Ta tsaya a ƙofa ta rasa yadda za ta yi, sai ta ɗauki waya ta kira malamai tana tambaya ko zunubi ne ta canja masa kaya. Wannan wurin kaɗai ya ishe ni shaida cewa daraktan ya san mutane. Daga baya rigima ta kai su kotu, kuma kowa a fim ɗin ya ɓoye wani yanki na gaskiya, kowa da dalilin da za ka ji ka ce da kai ne ma haka za ka yi. Ba zan fasa ƙwai ba, amma ku lura da lokacin da aka ɗauko Alƙur'ani aka ce a rantse.

Fa'iza: Baba, na gan shi, kuma ƙarshensa ya ɓata min rai. Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan. Awa biyu ina bin yarinyar nan Termeh, alƙali ya tambaye ta wa ta zaɓa cikin iyayenta, ta ce ta yanke shawara, sai kawai a fito da iyayen baranda a fara jero sunaye. Ni a ganina hakkin mai kallo ne a gaya masa.

Baba Malam: Na fahimce ki. Amma ki tambayi kanki, da an ce uwa ta zaɓa, me za ki ɗauka? Cewa uban ne mai laifi. Da an ce uba, sai ki ce uwar ce. Alhali tun farkon fim ɗin ake nuna miki babu mai laifi shi kaɗai. Kuma ki tuna yadda aka buɗe shi: ma'auratan suna kallon kyamara suna kawo ƙara, wato ke aka ɗora a kujerar alƙali. Abin da aka so ki gani a ƙarshe ba amsar ba ce, fuskar yarinya ce 'yar shekara 11 da aka ɗora wa abin da manya suka kasa. Yarinyar ma 'yar daraktan ce ta cikinsa, Sarina Farhadi.

Fa'iza: Hujjarka ta yi ƙarfi Baba, amma har yanzu ina kan bakana. Da ko alama ce sai a ba mu.

Anti Binta: Ni ina tare da Baba a nan. Maman Hanifa, wannan naki ne ke da maigida, yara ba za su jure ba, magana ce zalla.

Sadiq: Tunda an zo kan magana zalla, wa ya gama Oppenheimer, labarin masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera wa Amurka bam ɗin nukiliya? Awa uku cur. Bayan an gwada bam ɗin na ɗauka an gama, ashe saura kusan awa guda na zaman kwamiti.

Yaya Kabiru: Ƙanina, ai wannan awar ce fim ɗin. Gwajin na ranar 16 ga Yuli 1945 kowa ya san zai yi nasara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda gwamnatin Amurka ta juya wa mutumin baya a 1954, ta ƙwace masa izinin ganin sirrin ƙasa, da rawar da Lewis Strauss, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Amurka a lokacin, ya taka a ciki. Robert Downey Jr., wanda ya fito a Strauss, bai ci Oscar a banza ba, fim ɗin ma guda 7 ya kwashe. Wurin gwajin kuma, dabarar darakta Nolan ta yi kyau: haske ya fara zuwa, aka ɗauke duk wani sauti sai numfashin mutane, can daga baya ƙarar ta iso, kamar yadda walƙiya ke riga tsawa. In a waya ka kalla, ka sa abin kunne ka sake duba wurin.

Anti Binta: Ni abin da ya dame ni da shi daban ne. Awa uku ana nuna min damuwar wanda ya ƙera bam, amma Hiroshima da Nagasaki ba a nuna ko gida ɗaya da ya ƙone ba. An ce wai daga idon Oppenheimer ake ba da labarin, shi kuma bai je can ba. To, na ji. Amma mutanen da aka jefa wa abin sun wuce a ambace su a lissafi kawai. A Japan ma sai a watan Maris na 2024 aka fara nuna shi, wata takwas bayan sauran duniya. Kuma a sani, akwai tsiraici a ciki, ba na falo ba ne.

Yaya Kabiru: Wannan suka ce mai tushe, Anti. Ko da yake wurin da yake jawabi ana tafi, yana ganin fatar fuskar wata mata tana saluɓewa, ina ganin nan ya so ya cike gurbin. Ko ya isa, wannan kuma wata magana ce.

Baba Malam: Maman Hanifa, kafin a yi nisa da ke, in babban ɗanki ya kai shekara 14 ko sama, ki nuna masa Lion of the Desert na Moustapha Akkad, wanda ya yi The Message. Anthony Quinn ne ya fito a Umar Mukhtar, malamin Alƙur'ani da ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar sojojin Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can. Tsohon fim ne, yana da tsawo, akwai yaƙi da rataya, don haka ƙananan su kwanta tukuna. Ki sa shi ya lura da yadda Umar Mukhtar ya hana mutanensa kashe sojan da suka kama.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na zo nema. Yaya Kabiru, tambaya ɗaya: ƙaramar ba ta iya karanta fassara da sauri ba tukuna. Za ta bi Children of Heaven kuwa?

Yaya Kabiru: Za ta bi. Maganar ciki kaɗan ce, yawanci gudu ne da kallon-kallo tsakanin yaran biyu. Ki karanta mata wurin rubutu a littafi da wurin da aka sanar da kyaututtukan tsere, sauran ita za ta riƙa gaya miki.

Fa'iza: Sadiq, in za ka kalli Drishyam 2, kada ka fara sai ka gama na ɗaya, kuma ka tsaya a harshe guda. Na Malayalam 2021 ya fito, na Hindi 2022, sunayen mutanen ciki ba ɗaya ba ne, in ka gauraya za ka rikice.