Me za mu kira akwatin da ke ba kwamfutar tebur wuta?

Malamin Gyara: Assalamu alaikum. Ina koya wa yara gyaran kwamfuta, darasin Asabar kuma kan canja akwatin ƙarfen nan ne mai fanka, wanda wayar soket ke shiga ta bayan kwamfutar tebur. Turawa na ce masa power supply unit, suna taƙaita shi PSU. Komai na rubuta da Hausa: a zare waya daga bango, a kwance noti huɗu na baya, a cire babban fulogi mai haƙora 24 daga madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke kansa, sannan ƙaramin mai 4 ko 8 na kusa da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sunan abin ne ya gagare ni, ga shi gobe da azahar zan kai takardar wurin bugawa.

Ɗan Beirut: Wa alaikumus salam. Fawa. Shiga kowane shago a titin Beirut nan Kano ka ce fawa ta ƙone, za a tambaye ka wat nawa, shi ke nan.

Malamin Gyara: Oga, a baki ya yi. Amma a takarda in na rubuta "Yadda ake canja fawa", iyayen yara za su zaci na mayar da 'ya'yansu mahauta.

Hajiyar Fassara: Na'urar rarraba wuta fa?

Ɗan Beirut: Hajiya, taransifomar unguwa ta riga ta kama wannan a labaran rediyo.

Baban Nahawu: Kun tsaya laluben suna ba ku dubi aikin abin ba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba sa ɗaukarta haka ɗanya. Akwatin nan shi ke miƙar da ita ta bi hanya ɗaya, ya kasa ta uku: bolt 12 a waya rawaya, 5 a ja, 3.3 a mai ruwan lemo. Ɗanye ya shiga, tatacce iri uku ya fito. Me ya raba shi da matatar Kaduna da aka gina don fitar da fetur da kananzir da gas daga ɗanyen mai? Sunansa matatar wuta. Na daɗe ina faɗin wannan.

Ɗan Beirut: Baba, da girmanka. To in tawa ce ta ƙone, sai in ce wa kwastoma matata ta ƙone?

Baban Nahawu: Karin sautin ba ɗaya ba ne, kuma ka sani. Wasa da harshe irin naku ne ya sa yaran yanzu ba sa iya haɗa jimla guda babu Turanci.

Na Maraɗi: Mu nan alimantasiyo masu gyara ke cewa, daga Faransanci. Ma'anarsa ciyarwa. In za a fassara sai a ce maciyin wuta.

Hajiyar Fassara: Maciyi ai mai ci ne, ɗan'uwa, ba mai ciyarwa ba. Ko da yake wasu tsofaffin, yadda suke shan wuta, sunan ya dace da su.

Baban Nahawu: Kun gani? Wannan ya aro daga Ingila, wancan daga Faransa. Harshen da ya haifi mabuɗi da madubi da matsefi bai gaza haifar suna ɗaya ba.

Ɗan Beirut: Lantarki fa, Baba? A Daura aka haife ta? Na'ura ma ta Larabawa ce. Kun shekara nawa kuna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, har yau ban ga wanda ya zo shago ya nemi ta da wannan suna ba.

Baban Nahawu: Kasuwa ba makaranta ba ce.

Ɗan Beirut: Amma yaran Malam kasuwa za su zo su sayi abin. Yaro ya zo ya ce matatar wuta ta ATX, wato samfurin da aka saba sa wa kwamfutar tebur, mai wat 500 yake so, dariya za a yi masa, a ƙara masa kuɗi.

Na Maraɗi: Ku dakata da faɗan. Malam, ko me ka kira shi, sa waɗannan a takardar. Kada yaro ya buɗe cikin akwatin, domin kafasitocinsa, wato ƙananan ma'ajiyan wuta da ke ciki, na riƙe wuta bayan an zare waya. Sabo ake sawa gaba ɗaya. Na biyu, tsofaffin da ke zuwa daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya na zaɓar bolt 115 ko 230. Wani yarona ya jona ɗaya tana kan 115, ƙara ɗaya muka ji sai hayaƙi.

Malamin Gyara: Na gode, na biyun na manta shi sam. Na dai sa gwajin haɗa koriyar waya da baƙa a ga ko fanka za ta juya. To sunan fa, jama'a? Dare na yi.

Hajiyar Fassara: Akwatin wuta. Ba ado, amma yaro na buɗe kwamfuta zai nuna shi da yatsa. A layin farko ka ce masu shago na kiransa fawa, daga nan ka ci gaba da akwatin wuta.

Baban Nahawu: Akwatin mita ma akwatin wuta ne. Batir ma haka. Suna ne na wanda ya gaji.

Malamin Gyara: Na gaji ɗin, Baba. Akwatin wuta zan sa a kanu, fawa a layin farko. Inda nake bayanin wayoyi uku zan ce aikinsa kamar na matatar mai ne, don misalinka ya fi nawa.

Baban Nahawu: Misali kawai? To. A bugu na biyu sai a gyara.