Gasasshen ƙwai da safe: ku faɗa mini yadda kuke yi a gidajenku

Maman 'Yan Makaranta, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka gwada da hannunsu. Yarana huɗu, uku suna makaranta, motarsu tana tsayawa a ƙofar gida bakwai saura kwata, ni ma kuma dole in bi bayansu kafin hanyar Kawo ta cushe. Daga sallame sallar asuba zuwa lokacin nan akwai wanka, akwai shiri, akwai neman safa da littafi, ga karin kumallo. Wainar ƙwai da burodi suka fi so, ita kuwa tsayuwa take so a kanta. Kasko ɗaya ne, kafin in sauke ta huɗu ta farko ta huce. Ranar Litinin na bar ta a wuta na je ɗaura wa ƙaramar hijabi, ina dawowa na tarar ta ƙone ƙurmus, ga mota tana ta hon. Babban yarona ya tafi da burodi zalla a jaka, bai ce komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai har na tashi daga aiki. Wata abokiyar aikina ta ce ita ta daina soyawa, gasawa take yi, ta saka ta tafi harkarta. Don Allah masu yin haka, yaya kuke yi, kuma me ya taɓa ɓaci a hannunku?

Hajiya ta Malali:

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, duk mun bi ta nan. Shekara ta uku ke nan ina yi, kuma gaskiyar magana rabin aikin da dare ake gama shi. Bayan isha'i nake yanka albasa ɗaya, tattasai biyu, attaruhu ɗaya, wani lokaci da ɗan karas da na goga. In zuba mai cokali ɗaya in soya su sama-sama har su yi laushi, su huce, in rufe a roba in sa a firij. Gwangwanin kek ɗina mai gurbi 12 ne, shi ma da daren nake wanke shi in kife.

Da asuba kafin in yi alwala nake kunna obin a kan zafin digiri 180. Ina idar da salla ya yi zafi. In fasa ƙwai 8 ko 9, in sa gishiri da dunƙule ɗaya da madara cokali uku, in kaɗa. Kowane gurbi in shafe shi da mai sosai har bakinsa, in zuba kayan miyan a ƙasa, ƙwai a kai. Kar ki cika gurbin, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, domin yana kumbura. Minti 15 zuwa 20 ya yi, kuma a cikin mintocin nan nake yi wa yara biyu wanka. Idan kin soka tsinke a tsakiya ya fito ba ruwa, ki sauke. Za ki ga ya tashi kamar kek sannan ya ɗan kwanta yana shan iska. Haka yake, tururin da ke ciki ne ya fita, kar ki ɗauka kin yi kuskure. Ki ba shi minti biyu kafin ki zagaya da wuƙa ki ciro, in kin yi gaggawa rabinsa zai tsaya a gwangwani.

Amaryar Rigasa:

Anti, wanda ba shi da obin ma kar ya karaya. Ni da tukunya da yashi nake yi, yadda mahaifiyata take gasa kek ɗin salla. Yashin rairayi mai laushi na samo, na wanke na shanya, na zuba a wata tsohuwar tukunya mai kauri har ya rufe gindinta kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Wannan yashin wata biyar ke nan ban canza shi ba. Ina ɗora ta a rufe ta yi minti goma tana zafi, sannan in jera ƙananan gwangwanayen kek shida a kai, in mayar da murfi, in rage wuta.

Ranar farko a nan na faɗi. Maigida zai bi jirgin safe zuwa Abuja, ina sauri, sai na ƙure wutar gas don ya yi maza. Na buɗe na ga sama ruwa ne yana rawa, na ɗaga ɗaya na ga ƙasan ya yi baƙi, ga wani wari kamar na ashana ya cika kicin. Da shayi kawai ya fita ranar. Daga baya na gane ƙwai ba ya son wuta mai yawa ko kaɗan, da zarar zafi ya wuce kima sai ya ƙanƙance ya yi tauri kamar roba, ya tsatso ruwa. Yanzu wutar da nake bari 'yar ƙarama ce, kuma ba na ɗaga murfi sai minti 15 ya cika, don duk ɗagawa zafin da kika tara ne yake gudu.

Goggo, Tudun Wada:

'Ya'yana, ku da kuke neman gwangwani, ba ku da tanda ne a gida? Tandar waina ai gurbi-gurbi take, an riga an yi muku aikin. Jikokina biyar nake riƙo, kuma da gawayi nake girki. Idan na tafasa ruwan koko garwashi ya kwanta, sai in ɗora tanda, in ɗiga mai a kowane gurbi, in zuba ƙwan da na kaɗa da albasa da lawashi. In kife faffaɗan murfin tukunya a kai, in ɗebi garwashi uku ko huɗu in ɗora a bayan murfin. Wuta ƙasa, wuta sama, babu juyawa. Kafin in gama dama koko ya nuna. Da hunturu ma har daɗi yake, yaran suna zagaye da murhu suna jin ɗumi suna jira. Sai dai tandar ta zama wadda ta sha mai ta horu. Sabuwa kamawa take yi.

Maman 'Yan Makaranta, Unguwar Dosa:

Allah ya saka da alheri Goggo, wallahi tandata tana nan a sito tun azumin bara, ban taɓa kawo ta a raina ba. Hajiya, ban ga kin ambaci tumatir ba, da gangan ne?

'Yar Barnawa:

Bari in amsa miki wannan, don ni ya faru da ni. Na yanka ɗanyen tumatir manya biyu na zuba yadda nake yi a wainar kasko. A kasko ruwan yana ƙonewa ya bi iska, a gwangwani kuwa ba shi da wurin zuwa. Na ciro su gindinsu tsamo-tsamo, burodin da na ɗora a kai ya jiƙe, yara suka ture. In dai sai kin sa, ki matse 'ya'yan da ruwan ki soya shi tukuna. Alayyahu da kabeji ma haka, su ga wuta kafin su shiga ƙwai. Zogale kuwa in an dafa an matse yana shiga sosai, kuma yaran da ba sa cin kwaɗo a nan suna cinye shi ba gardama.

Ni yanzu ma ranar Lahadi da yamma nake gasa guda 24 in jera a firij, kullum da safe in ɗumama na ranar a kasko mai murfi, minti uku. Har Juma'a yake kai mu.

Ma'aikaciyar jinya, Badarawa:

'Yar'uwa ta Barnawa, ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba, kuma don ina ƙaunarki da yaranki nake faɗa. Dafaffen ƙwai kwana 3 zuwa 4 yake yi a firij, shi ma in sanyin bai yanke ba. Wataƙila ke kina da sola. Yawancinmu a Kaduna ana iya ɗauke wuta tun safe sai dare, kuma ki tuna yadda Maris da Afrilu suke. Firij ɗin da ya wuni ba wuta kabad ne kawai. Na taɓa yin irin naki, na gasa na kwana huɗu, aka yi kwana biyu wuta tana wasa, ranar Laraba 'yata ta dawo daga makaranta da amai da gudawa. Ban ji wari a ƙwan ba, ban ga ya canza kama ba, kuma matsalar ke nan, ba kullum yake nunawa ba. Tun daga ranar na kwana biyu kawai nake yi, in wuta ba ta tsaya ba kuma na ranar.

Sauran abin da zan ƙara kaɗan ne. Wanda za a sa wa yaro a jaka ya ci a tara ta farko, kar ya kai tashi, domin dafaffen abinci irin wannan bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, da zafi ma ƙasa da haka. Na ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi a bari gwaiduwa ta daskare gaba ɗaya. Sannan ku riƙa fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin ku juye cikin sauran. Bara-gurbi ɗaya ya ishe ya ɓata miki tara da asuba, lokacin da babu shagon da ya buɗe. In kina shakka ki jefa shi a ruwa: sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya daɗe yana tasowa saboda iskar da ta taru a cikinsa.

'Yar Barnawa:

Na karɓa Sista, na gode. Solar ce da mu, amma duk da haka Juma'a ta yi nisa. Zan raba shi biyu, Lahadi da Laraba.

Baban Yara, Kakuri:

Salamu alaikum iyayenmu mata, ku ba ni wuri. Uwargidana tana jego, wata guda ke nan karin safe yana hannuna kafin in fita aiki. Ni abin da ya fi damuna kuɗin ne. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, kiret ɗin ƙwai ya zama abin da ake lissafi kafin a saya, kuma guda 30 ne a ciki, in za a fasa tara kullum kwana uku ya ƙare. Mu shida ne a gida. Abin da nake yi, duk doya ko dankalin turawa da za a dafa da dare sai in ce a ƙara kaɗan. Da safe in yanka ragowar ƙanana, in shimfiɗa a faranti ɗaya na silba mai zurfi da na shafa wa mai, in watsa albasa da yaji, in kaɗa ƙwai 4 da ɗan ruwa in kwarara a kai. Cikin tukunyar yashi yake shiga, irin ta amaryar Rigasa, sai dai da yake faranti ɗaya ne mai kauri yana kai minti 25. In yanka shi shida kamar kek. Da kunun gyaɗa ko shayi, ba mai neman burodi, kuma yana riƙe ciki har azahar. Ranar da babu doya, burodin jiya da ya fara bushewa nake gutsuttsurawa, yana shanye ƙwan ya yi laushi. Ranar albashi in sa kifin gwangwani ɗaya, in tsiyaye mansa in shafe farantin da shi.

Wani ya ba ni shawarar in riƙa sayen fasassun ƙwai a gona tunda sun fi araha. Sista, me kika ce?

Ma'aikaciyar jinya, Badarawa:

Malam, a bar su. Ɓawon shi ne katangar ƙwai, in ya tsage ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa, kuma ba ka san tun yaushe ya tsage ba. Ga mai jego a gida, ga yara. Dabararka ta doya ta fi wannan arahar nesa ba kusa ba. Allah ya raya, ya ba ta lafiya.

Ɗaliba, Unguwar Rimi:

Ni da ƙanwata ne kawai a ɗaki, kuma na ga zafafa yashi minti goma saboda ƙwai uku ɓarnar gas ce. Kasko nake shafa wa mai, in zuba, in rufe da murfin da ya zauna daidai, in mayar da wuta can ƙasa. Minti 7 ko 8, ina guga yana nuna, ba juyi. Ga mai mutum biyu ya wadatar.

Maman 'Yan Makaranta, Unguwar Dosa:

Na dawo da labari. Jiya da dare na soya albasa da tattasai yadda Hajiya ta ce, na fito da tanda na wanke na shafe ta da mai. Yau da asuba na ɗora ta a kan gas, wuta ƙasa-ƙasa, na zuba ƙwai shida da ragowar dankalin jiya irin na Baban Yara, na kife murfi. Na shiga na yi wa ƙaramar wanka, na shafa mata mai, na sa mata kaya, gabana yana ta faɗuwa ina jiran in ji ƙauri. Ban ji ba. Da na ɗaga murfin duk sun taso, gefensu ya yi ja kaɗan, gurbi biyu na tsakiya ne kawai suka ɗan kama don nan wutar ta fi bugawa. Shida da rabi kowa yana zaune a tabarma da kofin shayinsa, babban ya ci uku ya ce in sa masa ɗaya a jaka, na ce to amma a tara ta farko. Har na samu na zauna na sha nawa shayin da zafinsa kafin mota ta iso.

Goggo, tunda ni ba garwashi a sama, saman bai yi ja kamar naki ba, ya dai nuna. In na zafafa murfin a ɗaya kan gas ɗin kafin in kife, zai taimaka, ko in bar shi haka?

Goggo, Tudun Wada:

Zafafa shi 'yata, amma ki kama da tsumma mai kauri. Gurbin tsakiyan nan kuma ki ƙara musu mai, ki zuba musu a ƙarshe.