Perseus, Medusa da dodon teku: wane fim ya kamata a fara da shi?

Autan Zaure: Assalamu alaikum, yayyena. Shawara nake nema kan Clash of the Titans na 2010. Masu kallo sun rabu gida biyu, wasu na cewa faɗa ne mai ƙayatarwa, wasu na cewa ɓata lokaci ne. Ya cancanci a zauna masa? Kuma za a iya kallonsa da yara a falo?

Baban Walid: Wa alaikumus salam, Auta. Ya cancanta, in ka san abin da za ka je nema. Minti 106 ne, Louis Leterrier ya ba da umarni, Sam Worthington ne Perseus, Liam Neeson ne Zeus, sarkin allolin Girkawa, Ralph Fiennes kuma Hades, mai mulkin duniyar matattu. An bai wa birnin Argos kwana goma: ko su miƙa gimbiya Andromeda ga dodon teku, ko a shafe garin. Ƙarfin fim ɗin wuri biyu yake. Na farko faɗan kunamai, waɗanda ke fitowa daga jinin Calibos, dodon da Hades ya tura ya kashe Perseus, bayan an sare masa hannu. Da rana tsaka aka ɗauke shi a fili, kuma an yi wani ɓangare na aikin fim ɗin a Tenerife ta ƙasar Sifen, cikin duwatsun aman wuta na gaske, shi ya sa ƙura da ƙasa suke da nauyi a ido. Na biyu kogon Medusa, mai gashin macizai wadda kallonta ke mai da mutum dutse. Sauran kuwa gudu ne daga wannan dodo zuwa wancan, ba a ba ka lokacin sanin mayaƙan ba kafin su mutu. Mads Mikkelsen ne kaɗai, a matsayin Draco, mutuwarsa ke taɓa zuciya.

Injiniya: Yaya Baban Walid, bari in ƙara abin da ya jawo masa yawancin zagin. Ba don 3D aka ɗauki fim ɗin ba. Da Avatar ya fito a Disamba 2009 ya kwashi kuɗi, sai kamfanin ya sa aka mayar da wannan 3D cikin 'yan makonni, har aka ɗaga fitowarsa da mako guda zuwa 2 ga Afrilu 2010. Yadda ake aikin: a yanke kowane mutum da kowane abu a hoto, a ba shi nisansa, sannan a cike gurbin da ya bari a baya. Hoto 24 ne a daƙiƙa, wato minti 106 ya haura hoto 150,000. In aka yi gaggawa, gashin mutum sai ya rabu da kansa, fuska ta zama kamar an liƙa kwali. Ga tabarau na cinye haske, ga kyamara na rawa, ga yanka da sauri. Daraktan da kansa ya fito daga baya ya soki aikin. Don haka, Auta, na 2D za ka nema. In ka buɗe ka ga hoto biyu kafaɗa da kafaɗa, na 3D aka ba ka, ka mayar.

Anti Malama: Ƙanena, ni ta ɓangaren labari zan shiga, don kada yara su ɗauka haka Girkawa suka faɗe shi. A asali, Acrisius mahaifin Danae ne, kakan Perseus ke nan, ba mijinta ba kamar yadda fim ya nuna. An yi masa duba cewa jikansa ne ajalinsa, sai ya sa uwa da jariri a akwati ya jefa teku. Masunci Dictys ya tsince su a tsibirin Seriphos, kuma sarkin tsibirin, Polydectes, shi ya tura Perseus ɗauko kan Medusa don ya rabu da shi ya samu uwar. Sai a hanyar dawowa Perseus ya tarar da Andromeda ɗaure a jikin dutse, a ƙasar da Girkawa ke kira Aethiopia, ya kashe dodon, ya aure ta. Sunan dodon Cetus. Kraken, sunan da fim ya ba shi, daga labaran matuƙan jiragen ruwa na arewacin Turai aka aro shi. Dokin nan mai fukafuki, Pegasus, daga jinin Medusa ya fito bayan an fille mata kai, kuma Bellerophon ne mahayinsa. Perseus da takalma masu fukafukai ya tashi. Abin da ya fi damuna shi ne Io. A tatsuniyar, mace ce da aka mayar saniya, kuma kakar kakannin Perseus ce, amma fim ya mai da ita masoyiyarsa, ya bar Andromeda a bakin teku.

Autan Zaure: To Anti, waɗannan masu fuskar itace da shuɗin ido, masu hawa kunamai fa?

Anti Malama: Aljanu aka kira su a fim ɗin, har shugabansu na da suna Sheikh Suleiman. Babu su a labarin Girkawa ko kaɗan, daga al'adun Larabawa aka ciro su. Su kansu Titans da ke cikin sunan fim ɗin, wato tsofaffin allolin da Zeus ya kayar, ko ɗaya bai fito ba. Sai a na biyun.

Baban Walid: Wrath of the Titans ke nan, 2012, minti 99, darakta Jonathan Liebesman. Shekara goma bayan na farko, Hades da Ares sun ɗaure Zeus suna zuƙe ƙarfinsa don tada Kronos, shugaban Titans. Aikin kwamfutarsa ya fi tsafta, musamman faɗan Chimera, dodo mai aman wuta, a ƙauyen masunta da kuma rikitacciyar hanyar nan mai bangaye masu motsi. Faɗan Minotaur, dodo mai siffar mutum da bijimi, kuwa an lalata shi: duhu, kyamara ta matso ƙwarai, ba ka sanin wa ya bugi wa. An sauya Andromeda, Rosamund Pike ce ta karɓi Alexa Davalos. Wanda na farko ya gundure shi kada ya wahalar da kansa.

Kawu Na Tsohon Silima: 'Ya'yana, ku koma tushe. Na 2010 maimaici ne na fim ɗin 1981 mai wannan suna, aikin ƙarshe na Ray Harryhausen, gwanin ƙera dodannin fim, Laurence Olivier ne Zeus, Harry Hamlin ne Perseus. Dodannin 'yan tsana ne masu ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi. A motsa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake motsawa. Minti guda hoto 1,440. Ku sa fitowar Medusa ta fim biyun gefe da gefe. A na 2010 tana gudu tana tsalle tsakanin ginshiƙai, fuskarta sumul kamar ta wasan kwamfuta. A na 1981, kafin ka gan ta sai ka ji karkaɗar jelarta, ka ga inuwarta a bango. Tana jan jiki da hannuwa a hankali, hasken wuta na rawa a fuskarta, macizan kanta kowanne da nasa motsin, ta ɗana kibiya ta tsaya tana saurare. Perseus na bayan ginshiƙi, gumi na zuba, yana kallonta ta cikin garkuwa. Wannan jiran shi ne tsoron, kuma shi sabon ya rasa.

In kuma faɗa kuke so, Jason and the Argonauts na 1963. Ƙwarangwal bakwai da mutum uku. Kowane ƙwarangwal akwai kai, hannu biyu, ƙafa biyu, motsi 35 ke nan a hoto guda, kuma dole takobinsu ya haɗu da na mutanen da aka riga aka ɗauka. Wata huɗu da rabi ya ci wa Harryhausen, don faɗan 'yan mintoci. Ku kuma saurari ƙarar tagulla lokacin da Talos, ƙaton mutum-mutumin nan, ya juyo da wuyansa.

Maman Ilham: Kan maganar yara, Auta. Na 2010 an ware shi ne don 'yan 13 zuwa sama. Babu tsiraici, amma tsofaffin mayun nan uku masu ido ɗaya da mai fiton kogin matattu za su hana ƙaramin yaro barci. Na 1981, duk da tsufansa, akwai wuri biyu na tsiraici, ɗaya a farko, ɗaya wajen wankan Andromeda kusa da ƙarshe, a riƙe rimot. Na 1963 ya fi duka sauƙi a falo, rawar haikali ce kawai za a iya wucewa. Kuma tunda labarin duk na alloli ne masu aure da kishi da gaba, a faɗa wa yaro tun kafin a kunna cewa tatsuniyar mutanen dā ce masu bautar gumaka, kada a bari sai ya tambaya.

Yaya Sadauki: Manya kuma, Immortals na 2011, na Tarsem Singh. Henry Cavill ne Theseus, Mickey Rourke ne bos, sarki Hyperion. Kowane hoto kamar zanen bango, kayan sawa na Eiko Ishioka, kuma faɗan ramin nan an ɗauke shi daga gefe ba yawan yanka, kana ganin kowane sara. Amma jini ya yi yawa, akwai gasa mutane cikin bijimin ƙarfe, akwai kwanciya. Ba na falo ba ne, kuma suna kawai ya ara daga labarin Theseus. Troy na 2004 ya fi duka nauyin labari. An cire alloli gaba ɗaya, an matse yaƙin shekara goma zuwa 'yan makonni. Karon Achilles da Hector a ƙofar gari, Brad Pitt da Eric Bana, shi ne ma'auni: mashi, sannan takobi, kyamara a nesa, kiɗa ɗan ganga kawai. Iri biyu ne, na silima minti 163, na darakta 196. Na biyun ya fi jini da tsiraici, an kuma taɓa kiɗan wannan karon, don haka na silima nake ba da shawara.

Anti Malama: Yaya, a ƙara da cewa a wajen Girkawa Menelaus, mijin Helen, bai mutu a Troy ba kamar yadda fim ya nuna, ya koma gida da Helen, Agamemnon kuma matarsa Clytemnestra ce ta kashe shi bayan ya dawo. Sannan a kula da Hercules: biyu suka fito a 2014. Na Dwayne Johnson shi ne mai kyan, The Legend of Hercules na Kellan Lutz kuwa a bar shi.

Injiniya: Saiti kafin a kunna, don rabin masu kukan duhu talabijin ɗinsu ne. A sa hoto a Cinema ko Movie, a kashe fitilar da ke fuskantar allo. A kashe abin da ke santsin motsi: TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Shi ke ƙirƙiro hotunan ƙarya tsakanin na gaske, sai ƙafafun kunamai su yi inuwa biyu, 'yan tsanan Harryhausen kuma su lalace. Baƙaƙen layukan sama da ƙasa haka aka ɗauki fim ɗin, in ka ja hoto ya cika allo ka yanke gefe. Kogon Medusa hayaƙi ne da wuta cikin duhu, ƙaramin fayil da aka matse sai ya farfashe ya zama murabba'ai, a nemi 1080 mai nauyi ko faifai. In magana na ƙasa kiɗa na fasa kunne, sautin sifika shida ne aka cusa a biyu, muryoyi kuma a sifikar tsakiya suke. A zaɓi sautin sitiriyo ko a kunna saitin dare. Rubutun fassara in ya makara daidai wa daida tun farko, maɓallan G da H a manhajar kallo ta VLC na gyara shi. In kuwa ratar na ƙaruwa kusan daƙiƙa biyu da rabi kowane minti, an yi shi ne don hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne. Maɓalli ba ya gyara wannan, sai an sauya rubutun.

Autan Zaure: Na gode, Allah ya saka. Asabar na 1963 da yara, in sun kwanta na 2010. Kawu, na 1981 kafin sabon ko bayansa?

Kawu Na Tsohon Silima: Kafinsa, ɗana. A sabon akwai inda Perseus ya ciro wata mujiyar ƙarfe daga akwatin makamai aka ce ya ajiye ta. Bubo ce, ta tsohon fim, kuma sai wanda ya ga aikin da ta yi a can zai gane abin da aka ajiye.